Kwanon Gidan Yaya Hammadu

New Bell, Duwala
Watan Yuli

Zuwa ga maigidana, Baban Jannat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya zaman dajin, ya ƙafar nan taka da ke maka tsami in an yi ruwa? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Jannat tana gaishe ka, ta ce in faɗa maka haƙorinta na gaba ya fita. Tunda wajen aikin naku babu rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau tudu, in an hau ma rabin maganar iska ke kwashewa, na ga gara in rubuta in ba Idi direba ya kawo maka. Maganar ba ta waya ba ce.

Ka san ƙungiyarmu ta mata, wadda Hajiya Mairo ke shugabanta. Bana 'yan kasuwar Dakar ta nan Duwala da wasu 'yan unguwa da ke waje sun haɗa mana kayan abinci, shinkafa da wake da mai da garin masara, aka ce duk wata a raba wa gidajen da abin ya yi wa tsanani. Ka san yadda kaya suka tashi. Abin da ka bari ana awo da kwano, yanzu da gwangwanin madara ake auna shi. An yi rabon farko ranar Asabar a filin makarantar Islamiyya. Hajiya ta aro lasifika, ana kiran suna ana ɗaukar hoto a waya don a tura wa waɗanda suka bayar. Ni aka sa awon wake. Ina awo ina duban fuskoki. Ban ce waɗanda suka zo ba su da buƙata ba, amma gidajen da na san ba kullum suke ɗora tukunya ba, ko ɗaya bai aiko ba. Wa zai yarda a kira sunan ubansa a lasifika a New Bell, inda in ka yi tari a bakin layi kafin ka isa gida an ce kana asibiti?

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Gidan yayanka, Yaya Hammadu, yana cikin gidajen da ba su aiko ba.

Kada ka yi saurin cewa Iyatunka ta fara. Ka tuna da ya baro unguwar Cité des Palmiers ya dawo tsohon gidan Baba a Kassalafam, ya ce don ya kusanci masallacin da ya tashi a ciki ne? Duk muka ce madalla. Ashe ofishin da yake wa aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa ne ya rufe, tun kafin azumi. Har yau kullum da safe yana fita da riga a goge da jaka a hannu, yana gaisawa da mutane da Faransanci, ya yini yana zaga ofisoshi neman aiki, ya dawo da la'asar kamar wanda ya taso daga aiki. Ba shi ya faɗa min ba. Na je gaida matarsa Khairiyya ne da rana tsaka, na tarar babu tukunyar gas a kicin, ta ce wai an kai gyara. Wa ya taɓa kai tukunyar gas gyara? Manyan yaranta biyu na zaune suna cin makala, fanken nan na bakin hanya, suna korawa da ruwa, abincin ranarsu ke nan. Ita kuwa zanin da ta saba ɗaurawa yanzu zagaye ta yake yi har ya yi saura. Affan, jaririn, ya kama nono ya saki ya yi kuka, ya sake kamawa. Ni ma na shayar, na san kukan yaron da nono bai ishe shi ba. Na matsa mata har ta faɗa min gaskiya tana hawaye, ta roƙe ni kada mijinta ya ji cewa na sani.

Na dawo gida raina a jagule. Yaron nan ko zama bai fara ba. In uwarsa ba ta ci ta ƙoshi ba, shi ba shi da wani abinci a duniya, don madarar kanti ba ta gidan da ya sayar da tukunyar gas ba ce.

Na yi ta juya abin har na samo dabara. Buhu ba zai shiga gidan nan ba, tun daga ƙofa Yaya zai mayar da shi. Amma kwano zai shiga. Tun muna yara kwanon abinci ke yawo tsakanin gidajen unguwar nan, ba wanda ya taɓa kiransa sadaka. Na karɓi kason gida ɗaya a wajen Hajiya ban faɗi suna ba. Zan riƙa haɗawa da namu in dafa, in kai musu da kaina a hanyata ta zuwa kasuwa, in ce ɗanɗano ne. Matan ƙungiya da na ba shawarar sun ce su ma haka za su yi wa maƙwabtansu.

Abu ɗaya nake roƙonka. In ka hau tudun naka, kada ka kira shi da wannan magana. Ka gaishe shi kamar yadda ka saba. Ka riƙa shafa man da na sa maka a jaka, na san ka, yana nan ko buɗewa ba ka yi ba.

Ka huta lafiya. Allah ya tsare min kai.

Matarka,
Iyatu


New Bell, Duwala
Watan Agusta

Baban Jannat,

Sallama da gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ayaba da rogon da ka ba Idi sun iso, Allah ya ƙara buɗi. Ruwa ya shigo mana tsakar gida amma bai kai ɗaki ba.

Dabarata ta kife da ni. Na tuna kwano na shiga kowane gida, na manta ba ya fitowa wayam. Kai ma ka sani, a wajenmu wanda aka kawo wa abinci ba ya wanke kwano ya miƙo shi haka nan, sai ya sa wani abu a ciki ko da goro ne. Ranar farko na kai shinkafa da wake, kwanon ya dawo da dabino, na ce madalla. Na kai tuwo miyar kuka, ya dawo da turaren wuta irin wanda Khairiyya ke haɗawa. Daga nan sai ƙwai, sai ƙullin sukari. Ranar da na sa nama a miya, washegari kwanon ya dawo da soyayyen kifi, manya, irin wanda ni kaina sai na yi baƙo nake saye. Na zauna ina kallon kifin nan na kasa kai shi baki. Na san yaran gidan sun ga ana soya shi, sun sha ƙamshinsa, aka rufe aka kawo wa Iyatu.

Na ce wa Khairiyya don Allah ta daina. Ta ce ba ita ba ce. Yaya ne ke tsayawa a kai, ya ce a gidan mahaifinsa ba a taɓa mayar da kwano fanko ba, ba kuma a kansa za a fara ba. In na kai mai kyau, sai ya mayar da wanda ya fi shi.

Ban gane inda yake samo abin saye ba sai ranar Talata a kasuwar Dakar. Ina wucewa ta wajen masu tsofaffin kaya na hango dutsen guga, wayarsa a naɗe da jan salatif. Ni na naɗe ta da hannuna ranar sunan Affan da ta kusa jan mu. A gefensa ga fankar ɗakinsu. Sai a nan na gane. Wato abincin da nake kaiwa don in taimaka, shi ke kwashe musu kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Yanzu da dutsen gawayi na maƙwabta Khairiyya ke goge masa riga.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Da muka haɗu a gidan Hajiya Mairo kowace da labarinta. Wata ta kai wa maƙwabciyarta fate aka mayar mata da atamfa. Wata ta ce tsohuwar da take kai wa abinci ta yanka kazarta ɗaya tilo ta aiko mata. Muka yi ta dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tsaya hawayen bai tsaya ba. Kwanuka na ta kai-komo tsakanin New Bell da Kassalafam, masu hali na ƙiba da abincin marasa hali.

Na daina kaiwa, don in na ci gaba katifa ce za ta bi bayan fankar. Amma dainawar ma ba ta da daɗi. Jiya na leƙa na tarar Affan ya yi shiru, ya bar kukan ma, sai idanu zuru-zuru. Shirun nan ya fi kukan tayar min da hankali. Na ja Khairiyya muka kai shi asibiti da sunan rigakafi. Ma'aikaciyar ta ɗora shi a sikeli, ta dube mu ta ce uwar ta riƙa cin abinci sosai. Kamar ba mu sani ba.

Ina jin haushin yayanka, ba zan ɓoye maka ba, kuma ina tausayinsa. Ban san abin da zan yi ba tukuna, amma ka sani ba zan naɗe hannu ina kallon yaron nan yana ƙarewa ba. Ka sa mu a addu'a.

Jannat na gaisuwa. Sai na ji daga gare ka.

Taka,
Iyatu


Kassalafam, Duwala
Ƙarshen Agusta

Baban Jannat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fatan jiki da aiki duk lafiya. Sunan unguwar da ka gani a sama ba kuskure ba ne, ka yi haƙuri ka karanta har ƙasa kafin ka ɓata rai.

Takardarka ta zo. Ka ce in bar Yaya, ya fi mu sanin gidansa, kada in jawo abin da zai shiga tsakaninku, in ka dawo za ka san yadda za ka yi. Na karanta na sake karantawa. Ban taɓa tsallake maganarka ba, kai shaida ne. Amma dawowarka sai Disamba, Affan kuwa ba zai iya jiran Disamba ba.

Ina wanke kwanon Jannat abin ya faɗo min. Ita ba ta taɓa sa min goro a kwano don na ba ta tuwo ba. Tsakanin gida da gida ne ake mayar da kwano da abu a ciki, a cikin gida ɗaya ba a yi. To in gida biyu ne matsalar, sai a mayar da su ɗaya.

Ranar Laraba na kira mai kura, na loda tukunyar gas ɗinmu da tukwane da buhun shinkafa da ayabarka da katifa, na kulle ɗakinmu na riƙo hannun Jannat. Da gangan na daidaici la'asar, lokacin da Yaya ke dawowa kuma mutane na zaune a ƙofar gidaje. Ana yayyafi, kurar ta maƙale a kwata sai da muka tura. Muna isa yana isowa da jakarsa. Baban Jannat, tunda aka kawo ni gidanku ban taɓa haɗa ido da Yaya ba, maganarmu ba ta wuce ina kwana da ina yini. Na durƙusa a cikin taɓon nan na gaishe shi, na ce:

"Yaya, ƙaninka ya tafi daji ya bar ni da yarinya. Ranar da aka kawo ni, Baba ya ce in mijina ba ya gari kai ne ubana. Ga tukunyata na kawo. In kora ta za ka yi, ka kore ni a nan."

Ya dubi kurar, ya dubi mutanen da suka yi tsit suna kallo. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Wane babban wa ne zai mayar da matar ƙaninsa daga ƙofa a gaban unguwa? Ya ce wa mai kura da Faransanci ya sauke kaya, ya ce a buɗe min ɗakin marigayiya Inna. Sai da muka shiga zaure, babu kowa, ya tsaya bai juyo ba ya ce:

"Iyatu, ni fa ba yaro ba ne."

Na ce, "Na sani, Yaya. Affan ne yaro."

Ya shige ciki.

Yanzu tukunya ɗaya muke ɗorawa. Da asuba ina dama wa Khairiyya kunun gyaɗa in tsaya a kanta sai ta shanye, da rana in cika mata kwano in zauna ina harararta. Yaran sun fara guje-guje har suna damun mutane. Kada ka ɗauka daɗi muke sha. Ɗakin Inna na yoyo ta kusurwa biyu, kuma faccaloli biyu a kicin ɗaya sai Allah. Ita ta ce barkonona zai kashe mata yara, ni na ce miyarta ta marasa lafiya ce. Shi kuwa Yaya har yau bai ci loma ɗaya daga tukunyar ba. Kullum a kai masa ya ce ya ci a waje, kuma ni da kai mun san wajen da yake nufi.

Ga inda gizo ke saƙar. An kai wa Hajiya ƙorafi cewa wasu na karɓar kaya suna sayarwa, don haka masu bayarwa sun ce daga wata mai zuwa babu karɓa a madadin wani, kowane gida sai mutuminsa ya zo an kira suna. Abin da kake aikowa ba zai riƙe mu duka ba in babu kason nan, na auna na gani. Khairiyya ba za ta je ba sai da izninsa, shi kuwa ba zai bayar ba. Saboda haka ni zan je in shiga layi a matsayin mai buƙata. Ka san abin da hakan ke nufi. Sunanka za a kira, a ce matar Salmanu. Za a yi maganarka a unguwa, a ce ka tafi ka bar iyali da yunwa, alhali ba ka rage mu da komai ba. Abin na min ciwo ƙwarai, kuma ba zan yi a ɓoye ba, shi ya sa na faɗa maka. Ka yafe min, amma zan je.

Allah ya bar mu tare, ya huci zuciyarka.

Matarka,
Iyatu


Kassalafam, Duwala
Watan Satumba

Baban Jannat,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kana cikin alheri. Layi biyun da ka rubuto sun iso, inda ka ce in je, sunanka bai fi ran ɗan yayanka ba. Na karanta a kicin na yi kuka, Khairiyya ta ɗauka albasa ce. Ban yi zaɓen banza ba.

Amma ba a kira sunanka ba. Bari ka ji.

Ranar Asabar da safe na saka hijabi na ɗauki buhun da zan zubo kaya. Ashe Khairiyya ta faɗa masa komai. Ina fitowa na tarar da Yaya a zaure, ba jaka a hannunsa. Ya tambaye ni ina za ni, na faɗa masa. Ya tambaya da sunan wa, na faɗa masa. Sai ya miƙo hannu ya karɓi buhun ya wuce gaba. Na bi shi a baya ban san ko mayar da ni wajen Hajiya zai yi ya ci min mutunci ba.

Filin makarantar ya cika. Yaya Hammadu, wanda rabin matasan unguwar nan shi ya rubuta musu takardar neman aiki, ya je ya tsaya a ƙarshen layi tsakanin tsofaffin mata, da buhu a hannu. Kowa ya juyo yana kallonsa. Wani ya taso zai ba shi kujera ya ƙi, wani ya ce ya wuce gaba ya ƙi. Ni na koma wajen awon wake. Da layi ya zo kansa, Hajiya Mairo, Allah ya saka mata, ta kawar da lasifikar daga bakinta ta ce a hankali, ai na matar ƙaninka ne ko, Malam? Ta buɗe masa ƙofar fita ke nan, da ya ce e shi ke nan. Sai ya ɗaga murya yadda na bayan layi ma za su ji, ya ce:

"A'a, Hajiya. Ƙanina bai gaza ba, yana ciyar da iyalinsa har da nawa. Ni ne ba ni da aiki. Ki kira sunana."

Hajiya ba ta kira ba. Ta kashe lasifikar ta ajiye a ƙarƙashin tebur, ta ce wa masu hoto su mayar da wayoyinsu, in masu bayarwa na son hoto a ɗauki buhuna. Ni na auna masa waken, ban iya ɗaga kai ba. Ya ƙi hawa bensikin, wato acaɓa, ya saɓa buhun a kafaɗa ya bi ta babban layi har gida. Kafin a tashi rabon, maza biyu da na san gidajensu sun zo sun shiga layi, ɗaya ma da hularsa a karkace kamar an turo shi.

Aiki dai bai samu ba tukuna, yana nan yana nema. Ɗakin Inna na nan na yoyo. Ba inda za ni sai ka dawo ka ɗauke ni da kanka, kuma ko ka zo sai na ga yaron nan ya yi kumatu.

Da magariba aka kai wa Yaya tuwo. Ya cinye tas, ya leƙo kicin, bai dube ni ba ya ce a ƙara masa miya, ta mai barkonon. Ina rubutun nan Khairiyya na gefena a tabarma. Affan ya sha har ya saki da kansa, ya yi gyatsa, ya yi barci nono na gangarowa ta gefen bakinsa.

Jannat na gaishe ka, Khairiyya na gaishe ka. Yaya ya ce in ka hau tudu ka kira shi, yana da magana da kai. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka mai kewarka,
Iyatu